Masu Tsayawa a Bakin Kogi

Litinin, bayan makaranta

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Wasan da Yaya ya yi ya daina yi mini daɗi.

Sunansa Jar Laima, a waya ake yin sa. Wani tsoho ne gajere mai laima ja, yana tafiya neman gidansu. Yaya ne ya zana tsohon da bishiyoyin da ruwan da komai. Su kaɗan ne a ofishinsu, a saman wani shagon fenti. Sun yi na ɗaya, sun yi na biyu. Na ɗayan na sha ƙare shi. Na biyun na tsaya a wani daji mai tsawo, ban koma ba. In Yaya ya tambaye ni sai in ce ina nan ina yi.

Wanda nake yi a ɓoye shi ne Kaji a Guje. Kaji ne ke tsere, ana sa musu hula. Duk ajinmu shi ake yi. Ni ba na iya magana a aji, ko Malama ce ta kira ni sai muryata ta maƙale. Amma a wasan kazata takan zo ta ɗaya, kuma kowa yana gani.

Laraba, da yamma

Yaya ya dawo da wuri. Ya zauna a falo bai cire takalmi ba, Mama kuma ba ta yi masa faɗa ba.

Da muka zauna shan shayi ya ce babban kamfani zai duba ko a yi Jar Laima na uku ko a bar shi haka.

Mama ta ce, “Wai wasan ba naku ba ne?”

“Mu muke yi, Mama. Su suke biyan mu, su suke fitar da shi. Nasu ne.”

Ya jawo kofina da nasa ya jera. Ya ce wannan mu ne, wannan kuma wasan kajin nan, shi ma nasu ne. Ya ɗaga butar shayin ya ce abin da ke ciki kofi ɗaya zai cika. Za su yi wa Jar Laima ɗan talla, su zuba ido wata guda. Za su ga sababbin mutane nawa suka shigo, nawa suka dawo washegari, nawa suka sayi wani abu a ciki. Daga nan sai su zaɓi kofin da za su zuba wa.

Mama ta ce, “To su kajin me suka fi ku?”

Ya ce, “Hula.”

Ya yi dariya shi kaɗai. Wayata tana aljihuna, na ji kamar za ta yi cara.

Alhamis, da la’asar

Yau ban buɗe Kaji ba. Sai yanzu.

Asabar, da hantsi

Mama ta shiga wurin Anti Mai Ɗinki, maƙwabciyarmu, suka daɗe. Da ta dawo ta ɗauko babban tiren baƙi ta goge.

Ta ce, “Auta, ba sababbin mutane suke ƙirgawa ba? To ga sababbin mutane.”

Dabarar ita ce, duk matar da ta zo awo ko karɓar ɗinki, Anti za ta aro wayarta kafin a gama da ita. Ni in sa wasan a ciki in buɗe. Haka na maƙwabta, haka na mai kanti. Mama ta buɗe durowa ta ɗauko wayar Baba. Tun rasuwarsa bara ba wanda ya taɓa ta. Ta sa ta a caji, ta tsaya a kanta har ta kawo haske, sannan ta ɗora a tiren ta fita da sauri.

Ta leƙo ta ce, “Kar Yayanki ya ji. Kin san shi, cewa zai yi a bari.”

A farkon wasan tsohon yana tafiya kaɗan ya iso bakin kogi. Ba gada, ba jirgi, ba wanda zai gaya maka abin yi. Sai ka gane da kanka, ka kifa laimar a ruwa ka shiga ciki, iska ta tura ka a hankali. Yana ɗaukar lokaci. Na ce wa Mama masu wayoyin ba za su jira in haye da kowa ba. Ta ce ba sai na haye ba, in buɗe kawai, ai ƙirgawa suke.

Litinin, bayan makaranta

Ko kayan makaranta ban cire ba na wuce shagon Anti. Tire ya cika. Na jera tsofaffi a bakin ruwa, kowanne riƙe da laimarsa.

Wata mata ta karɓi wayarta ta ce, “Ke yarinya, wannan tsohon me yake jira?”

Anti ta ce, “Ke yake jira. Miji na samo miki, ga laimarsa, ba ya fita yawo, ba ya tambayar ina kika je.”

“Wallahi ya fi na gidan. Amma in ya cinye mini data sai na dawo miki da shi.”

Suka yi ta shewa. Matar tana fita na ga ta goge shi a bakin ƙofa.

Ina gadin tiren ina yin Kaji a ƙarƙashin tebur. Ban ji daɗin kaina ba, amma na yi.

Alhamis, da yamma

Yaya ya shigo da lemo da biskit. Ya ce sababbin mutane suna ta shigowa fiye da yadda aka zata, har Matar Kamfani, wadda ke kula da su, ta aiko musu da hoton tafi.

Ya ce mini, “Malama Shiru, ki yi magana mana. Yayanki zai zama babban mutum.”

Na ce Allah ya sa. Mama ta yi ta ƙara masa abinci, tana kallona ta saman kansa tana murmushi.

Asabar, da rana

Tire. Tire. Har matan da ban sani ba suna aiko da wayoyinsu.

Lahadi, da safe

Idan na rufe ido tsofaffi nake gani a jere, sun juya mini baya.

Talata, da yamma

Yaya ya dawo tare da Dogo, abokin aikinsa mai rubuta abin da ke sa wasan motsi. Suka buɗe kwamfuta a falo. Mama ta ce in kai musu ruwa.

Dogo yana cewa, “Ni ban gane ba. Mutanen nan makafi ne? Su shigo, su tsaya a bakin ruwa, su fita, ko waiwaye babu.”

Yaya ya ce Matar Kamfani ta kira taro. Ta nuna musu wani zane mai layi, layin ya hau, a daidai kogi ya faɗi ƙasa. Ta ce mafi yawan sababbin ba sa hayewa, kuma ba sa dawowa. Ta ce wasan da farkonsa ke korar mutane ba a yi masa na uku. Ta ba su sauran kwanakin su gyara.

Ban san lokacin da na yi magana ba. Na ce, “Yaya, in mutum ya buɗe bai dawo ba fa?”

Dogo ya ce, “Kai, ashe tana da murya!”

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, “Gara a ce bai buɗe ba sam. Wanda bai zo ba ba ya cikin lissafi. Wanda ya zo ya tafi, shi ne yake kashe mu.”

Dogo ya ce akwai wasu da suka taɓa sa danginsu su yi ta buɗewa don lamba ta hau. Da kamfani ya gano, ba wasan kaɗai aka rufe ba, har mutanen aka sallama, ba kuma wanda ya sake ɗaukar su.

Na ajiye kofunan. Ruwa ya zuba kaɗan a kan tebur, Yaya ya goge da hannun rigarsa.

Laraba, kafin makaranta

Na gaya wa Mama a kicin. Sai da na maimaita kafin ta gane. Ta rage wutar murhu, ta zauna a kan ƙaramar kujera.

Ta ce, “Mu ne ke nan?”

Na ce mu ne.

Ta rufe tukunya. Sannan ta ce, “Ki rufe bakinki. In ya sani, ko ya gaya musu su kore shi, ko ya ɓoye ya yi ta fama da zuciyarsa. Kin san ba ya iya ƙarya. Daga yau an daina, shi ke nan, abin zai gyaru da kansa.”

Laraba, bayan makaranta

Anti ta ji haushi. Ina jin ta ta katanga.

“Daga taimako? Ni da na yi ta roƙon mata kamar mai neman ƙuri’a! To a faɗa mini laifin da na yi.”

Mama ta ce ba laifi, an gode, an samu yadda ake so.

Juma’a, da yamma

Yaya ba ya dawowa sai an kusa rufe ƙofa. Da safe idonsa ja. Sun sa wata kibiya a saman laimar, tana nuna ruwa. Matar Kamfani ta ce bai isa ba.

Sau biyu na tsaya a ƙofar ɗakinsa. Na farko na ce ko yana da wanki. Na biyu na juya na koma.

Lahadi, da hantsi

Ya kira ni ɗakinsa ya miƙo mini waya.

“Zo ki gwada mini. Kar ki tambaye ni komai, yi kawai.”

Tsohon ya iso bakin kogi. Akwai gada. Ta katako ce, Yaya ya zana ta da kyau, har da ƙusoshi. Na danna, tsohon ya bi ta kai ya wuce, laimarsa a rufe a hammata. Ko kallon ruwan bai yi ba.

Yaya hannuna yake kallo. Ya ce, “Ya fi sauƙi ko?”

Na ce e.

Ya karɓi wayar ya kife ta a kan gado. Ya ce ko na san inda ya samo maganar laimar. Wata rana ana ruwa, yana ƙarami, iska ta fizge laimar Baba ta jefa ta a kwata a kife. Ta yi ta tafiya a kan ruwa tana juyawa, su biyu suna bin ta da gudu, Baba yana dariya har ya kasa numfashi.

Ya ce, “Ba a haife ki ba lokacin.”

Bai taɓa yi mini maganar Baba ba tun bara. Na zauna a bakin gadon, bakina cike da magana, Mama ta kira ni daga kicin. Ina jin ta san inda nake.

Talata, bayan makaranta

A aji an kawo sabuwar hular kaza mai fitila. Kowa ita yake magana. Wadda ke zama kusa da ni ta ce ashe ni ce mai farar kazar nan, me ya sa ban taɓa faɗa ba. Na ɗaga kafaɗa.

Alhamis, da yamma

Lissafi ya fito. Yanzu kusan kowa yana hayewa.

Dogo ya ce, “Ka gani? Gada ta yi aiki.”

Yaya ya ce, “Ta yi. Ashe kogin ne da gaske.”

Ba gadar ba ce. Tiren ne aka daina. Ni da Mama kaɗai muka sani, tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

Kuma sababbin mutane sun ragu sosai. Matar Kamfani ta ce wannan yana nuna an fara gajiya da wasan. Da muka yi ya zama laifi, da muka bari ya zama laifi.

Juma’a, da safe

Ba na jin yunwa. Mama ta taɓa goshina ta ce ba zazzaɓi.

Litinin, da safe

Yau ne kamfani zai yanke hukunci. Yaya ya goge farar rigarsa da kansa. Mama ta raka shi har bakin titi, abin da ba ta taɓa yi ba.

Litinin, da yamma

Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya jera su, ya gaishe da Mama, ya shiga ɗaki ya rufe.

Dogo ne ya tsaya a ƙofar gida ya yi wa Mama bayani. Ina bayan labule.

Ba za a yi na uku ba. Na biyun zai zauna zuwa ƙarshen shekara, sannan a sauke shi. Za a rufe ofishin saman shagon fenti. Wasu an sallame su. Yaya an ce in yana so ya koma ɓangaren Kaji ya riƙa yi musu zane, ya ba da amsa nan da Litinin mai zuwa.

Mama ta ce, “Saboda kogin ne?”

Dogo ya ce, “Har da shi, Mama, amma ba shi kaɗai ba. Matar ta ce masu yin namu sukan ƙare shi, su yi kuka, su tafi. Masu Kaji kullum suna nan, kullum suna sayen hula. Ta ce ita ma ta fi son namu. Wai ba ita ke yankewa ba, akwai na sama da ita, su ko buɗe wasan ba su taɓa yi ba.”

Mama ta sake cewa, “Amma har da kogin.”

Ya ce har da shi.

Laraba, bayan makaranta

Kazata ta zo ta ɗaya. Na kashe wayar.

Alhamis, da yamma

Yau ya fito ya ci abinci tare da mu. Ya ce ba zai karɓi aikin Kaji ba. Ya yi magana da mai shagon fenti, yana neman wanda zai riƙa haɗa masa kala.

Mama ta ce, “Haba, Babana. Zane dai zane ne. Ko hular ce ka zana, kafin Allah ya kawo wani.”

Ya ce, “Ba hular ce ta dame ni ba, Mama. Ba kuma rufewar ba, ana rufe wasa kullum. Kogin nan ne. Na ɗauka shi ne abu mafi kyau da na taɓa yi. Shekara da shekaru ina alfahari da shi. Sai ga mutane sun zo, sun kalle shi, sun juya. Wanda bai san bambancin mai kyau da marar kyau a aikinsa ba, me ya zauna yi?”

Ya juyo ya ce, “Ko ba haka ba, Malama Shiru?”

Na kalli kwanona.

Ya ce, “Kin ga, ita ma ta yarda.”

Juma’a, bayan makaranta

Ya naɗe allon zanensa na kwamfuta a tsohon tawul, ya ɗaure da igiya. Ƙanin Dogo zai saya. Alƙalamin ya sa shi a gidansa, ya sake fito da shi, ya sake mayarwa.

Na sami Mama tana shanya. Na ce, “Mama, yanzu ai ba wanda zai kore shi. An riga an rufe.”

Ta ce, “Faɗar za ta dawo da wasan?”

Na ce a’a.

“To ki bari ya huce tukuna.”

Na ce allon zai tafi jibi, amsar kuma Litinin ce.

Ta riƙe rigar da ke hannunta ba ta shanya ba. Ta ce, “Auta, shi kaɗai ya rage mini da zai shigo ya ce Mama sannu da gida. In ya ji ni na yi masa wannan, da wane ido zai kalle ni?”

Na karɓi rigar na shanya mata.

Asabar, da rana

Anti ta aiko a ba ta aron tire, za ta yi baƙi. Mama ta ce a ce mata ta riƙe, ba ma buƙata.

Na yi ta tunani. In na gaya wa Yaya zai yi fushi. Wataƙila ya daina tsokanata, wataƙila ya daɗe bai shiga kicin ya ɗauki nama a tukunyar Mama ba. Gadar nan da hannunsa ya zana ta, saboda mu. Wannan ba zai gyaru ba. Kuma wataƙila ko da ba mu yi komai ba da Kaji za su zaɓa. Ba wanda zai taɓa sani.

Amma matan nan ba su ƙi koginsa ba. Ko ganin sa ba su yi ba. Awo suka zo.

Lahadi, da hantsi

Ya ce bayan azahar zai kai allon, wa zai riƙe masa jakar wayoyin wuta. Na ce ni. Muryar ta fita da ƙarfi har ya juyo.

Mama tana bakin kicin. Ta kalle ni, na kalle ta. Ba ta ce in je ba, ba ta ce kar in je ba. Ta koma ciki, na ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Daga gida zuwa inda ake hawa mota akwai ɗan nisa. Zan fara gaya masa kafin mu wuce kantin da ke kan kwana, don in na bari muka hau mota ba zan iya ba. In muryata ta maƙale zan tsaya cak a hanya, dole ya tambaye ni. Ba zan ce Mama ce ta sa ni ba. Zan ce mu ne.

Na sa takalmina tun yanzu.